Idan Soja Ya Kifar da Mai Tazarce, Me Ke Biyo Bayan Shewa?

Da misalin ƙarfe ɗaya na rana, ranar Alhamis 18 ga Fabrairun 2010, Shugaba Mamadou Tandja na Nijar yana tsakiyar taro da ministocinsa a fadar gwamnati da ke Yamai, sai harbi ya kaure a bakin ƙofa. Kafin la'asar sojoji sun yi awon gaba da shi, gidan rediyon gwamnati ya ajiye shirye-shiryensa ya koma kiɗan badujala. Da dare Kanal Abdoul Karim Goukoye ya fito a talabijin, wasu hafsoshi na tsaye kewaye da shi, ya sanar cewa an jingine kundin tsarin mulki, an kuma rushe duk wata hukuma da ta samo asali daga gare shi. Ranar Asabar dubban mutane suka yi cincirindo a gaban majalisar dokoki suna yi wa soja jinjina. Waɗanda suka kira gangamin ba 'yan koren soja ba ne. Jam'iyyun adawa ne da ƙungiyoyin ƙwadago da na farar hula, wato mutanen da suka kusa shekara a kan titi da sunan kare dimokuraɗiyya.

Nan kullin yake. Tandja, ko da yake tsohon kanal ne, ba da bindiga ya hau kujerar ba. Ƙuri'a ce ta kawo shi a 1999, ta sake dawo da shi a 2004. Amma kuma shi ɗin ne ya bi ƙofofin da doka ta tanada don sauke shugaba ya garƙame su ɗaya bayan ɗaya. To idan soja ya kifar da irin wannan mutum, an ceto dimokuraɗiyya ne ko an ƙarasa ta? Wasu za su ce juyin mulki juyin mulki ne, ba ruwansu da dalili. Wasu kuma su ce maganin maƙi gudu ban kashi. Dukkansu ranar farko suke kallo. Alhali abin da ke raba juyin da ya mayar wa jama'a mulki da wanda ya haifi sabon mai tazarce, ƙananan sharuɗɗa ne da ake rubutawa a makonnin da ke biye, daidai lokacin da kowa ya shagala da murna.

Yadda ake garƙame ƙofofi

Kundin Nijar na 1999 bai bar wata kafa ba. Sashe na 36 ya ba shugaba wa'adi biyu na shekara biyar-biyar, sashe na 136 kuma ya ce ba a taɓa wannan tanadi ko ta halin ƙaƙa. Da yake gyara ya gagara, sai masu tazarce suka ɓullo ta wata hanya: a jefar da kundin gaba ɗaya, a rubuta sabo, a kai shi ƙuri'ar raba gardama. Ranar 25 ga Mayun 2009 kotun tsarin mulki ta ce hakan ya saɓa doka. Washegari Tandja ya rushe majalisar dokoki. Ranar 12 ga Yuni kotun, ƙarƙashin Mai Shari'a Salifou Fatimata Bazèye, ta soke dokar da ta kira ƙuri'ar. Ranar 26 ga Yuni ya ɗauki ikon ta-ɓaci na sashe na 53, wanda aka tanada don lokacin da ƙasa ta shiga mummunan haɗari. Ranar 29 ga wata ya rushe kotun kanta, daga baya ya naɗa wasu alƙalan. Aka yi ƙuri'ar ranar 4 ga Agusta, aka ce kashi 92.5 cikin ɗari sun amince, ya samu ƙarin shekara uku ba tare da zaɓe ba, aka kuma cire iyakar wa'adi. A Oktoba aka yi zaɓen 'yan majalisa, adawa ta ƙaurace.

Kusan kowane mataki a nan sanye yake da rigar doka. Rushe majalisa haƙƙin shugaba ne a rubuce. Ikon ta-ɓaci yana cikin kundin. Ƙuri'ar raba gardama kuwa, wa zai fito ya ce kada a tambayi talakawa? Shi ya sa irin wannan kwace ba ya zuwa da ƙarar bindiga, ba shi da takamaimiyar ranar da za a nuna a ce yau ce aka yi ɓarnar, kuma na waje sukan daɗe suna jan ƙafa kafin su ambace shi da sunansa.

Alpha Condé na Gini ya bi sawun nan shekara goma bayan haka. Mutum ne da ya sha ɗauri da gudun hijira a adawa, aka zaɓe shi a 2010 da 2015. Ranar 22 ga Maris 2020 ya yi ƙuri'ar sabon kundi, wa'adi ya koma shekara shida, lissafi ya dawo sabo. Ranar 18 ga Oktoba aka ba shi kashi 59.5 a kan Cellou Dalein Diallo. Tsakanin ƙarshen 2019 da bayan wannan zaɓe, jami'an tsaro sun kashe gomman masu zanga-zangar ƙawancen FNDC mai adawa da tazarcen, aka cika gidajen yari da 'yan adawa.

Soja kuwa ba don Allah kaɗai yake fitowa ba. Mamady Doumbouya, wanda ya kama Condé ranar Lahadi 5 ga Satumban 2021, shi ne kwamandan rundunar musamman da Condé ya kafa da hannunsa a 2018, kuma an jima ana raɗe-raɗin za a rage masa ƙarfi. Wata guda kafin nan gwamnati ta ƙara kuɗin litar mai daga faran 9,000 zuwa 11,000, gari ya ɗauki zafi. A Gabon, Brice Oligui Nguema da ya kifar da Shugaba Ali Bongo a 2023 shi ne shugaban dogaran fadarsa. A Zimbabuwe, sojoji sun kawar da kai ga maguɗin Robert Mugabe shekara da shekaru, ba su motsa ba sai da ya kori mataimakinsa Emmerson Mnangagwa ranar 6 ga Nuwamban 2017, aka ga kujerar na shirin faɗawa hannun uwargidansa. Zaluncin shugaba yana ba soja hujjar da zai karanta a talabijin da taron da zai tafa masa. Abin da ke fito da shi daga bariki, sau da yawa, wuyansa ne ko muƙaminsa. Kuma wanda ke fitowar, galibi, shi ne wanda shugaban ya fi kashe wa kuɗi don ya tsare shi.

Washegarin juyi

Sanarwa ta ɗaya kusan iri ɗaya ce ko'ina: an jingine kundin tsarin mulki, an rushe gwamnati da majalisa, an rufe iyakoki, an sa dokar hana fita. Masu shewa sukan manta cewa wannan sanarwa ba kayan aikin azzalumin kaɗai take rusawa ba. Har ragowar abin da bai gama lalatawa ba take haɗawa da shi: kotun ƙoli, majalisun ƙananan hukumomi, wani lokaci har jam'iyyu. Ikon yin doka da na zartarwa su dunƙule a hannun mutum ɗaya, yana mulki da dokar soja wadda babu kotun da za ta duba. A takarda ke nan, sabon shugaba ya wayi gari da ikon da wanda aka kifar bai taɓa samu ba, ko a ganiyar tazarcensa. Daga nan duk abin da zai faru ya dogara ne da yadda aka ɗaure wannan iko, da kuma wanda ke riƙe da bakin igiyar.

Ɗauri na farko, kuma mafi girma, shi ne hana masu riƙon ƙwarya tsayawa takara. A Maris 2010 majalisar sojan Nijar ta CSRD, ƙarƙashin Salou Djibo, ta fitar da doka cewa membobinta da firaminista Mahamadou Danda da ministocinsa ba za su tsaya ba, aka kuma tsaya a kan haka. Amfanin wannan sharaɗi a aikace yake. Wanda ba zai shiga zaɓe ba, ba shi da dalilin murɗa rajistar masu zaɓe, ko saka wa abokan hamayya tarko a dokar zaɓe, ko jan lokaci har sai ya gina jam'iyya.

Gini ma ta rubuta irin wannan. Sashe na 46 na yarjejeniyar riƙon ƙwarya ta Satumban 2021 ya hana Doumbouya da 'yan majalisarsa ta CNRD takara, har ya ƙara da cewa ba za a gyara sashen ba. Ba a gyara shi ɗin ba kuwa. Abin da aka yi, an rubuta sabon kundin tsarin mulki wanda bai ce uffan a kan hanin ba, aka kai shi ƙuri'a ranar 21 ga Satumban 2025, ya maye gurbin yarjejeniyar, hanin ya mutu tare da ita. Dabarar Tandja da Condé ce sak, ta jefar da kundi idan ya gagara gyaruwa. Masu tsara irin waɗannan takardu sun san maganinta: a maimaita hanin a cikin sassan wucin gadi na sabon kundin, a kuma saka shi a dokar zaɓe. Duk daftarin da aka fitar babu wannan maimaici, to an riga an yanke shawara, sauran duk biki ne. A Gabon ma ba a wahalar da kai ba. Yarjejeniyar ta hana firaminista da ministoci da shugabannin majalisun riƙo takara, ta yi shiru a kan mutum ɗaya tak, shugaban riƙon.

Sai batun lokaci. Akwai bambanci babba tsakanin riƙon da aka ɗaure da rana da wanda aka ɗaure da ayyuka. A Nijar, majalisar tuntuɓa ta ƙasa da Marou Amadou ya jagoranta ta ba da shawarar wata goma sha biyu, sojoji suka karɓa. Aka yi ƙuri'ar kundi ranar 31 ga Oktoban 2010, zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa ranar 31 ga Janairun 2011, zagaye na biyu ranar 12 ga Maris, Mahamadou Issoufou ya samu kusan kashi 58 a kan Seini Oumarou, aka rantsar da shi ranar 7 ga Afrilu. An ɗan zarce wa'adin, amma gaba ɗaya bai cika wata goma sha huɗu ba. A Gini kuwa jerin ayyuka aka shimfiɗa: ƙidayar jama'a, rajistar 'yan ƙasa, sabuwar rajistar masu zaɓe, sabon kundi, dokokin da za su biyo bayansa, zaɓen ƙananan hukumomi, na majalisa, sannan na shugaban ƙasa. Kowanne yana jiran na gabansa, kowanne yana buƙatar kuɗin da gwamnatin ce za ta saki. Doumbouya ya fara da neman wata 39, majalisar riƙo ta rage zuwa 36, a Oktoban 2022 aka daidaita da ECOWAS a kan 24 daga Janairun 2023. Ƙarshen Disamban 2024 ya zo ya wuce ba a yi komai ba. Sai ranar 28 ga Disamban 2025 aka yi zaɓen, bayan shekara huɗu da kusan wata huɗu, aka ba shi fiye da kashi 86, a wa'adin shekara bakwai. Condé shida ya nema aka kifar da shi.

Wa ke rubuta kundin, wa ke ƙirga ƙuri'a, wa zai ayyana sakamako? Nijar ta ba kwamitin masana ƙarƙashin Farfesa Mamoudou Gazibo aikin daftari, majalisar tuntuɓa mai wakilan jam'iyyu da ƙungiyoyi ta tace shi, hukumar zaɓe ta CENI mai wakilan jam'iyyu ta gudanar da zaɓen. Kotun riƙo da za ta tantance 'yan takara da sakamako kuwa, Fatimata Bazèye aka ɗora a kanta, matar da Tandja ya kora. Wannan naɗi kaɗai ya isa saƙo. Kuma an bar jam'iyyar Tandja, MNSD, ta shiga zaɓen har ta kai zagaye na biyu, abin da ya sa magoya bayanta suka karɓi sakamakon. A Gabon ma'aikatar cikin gida ce ta shirya zaɓen 12 ga Afrilun 2025, Oligui ya tashi da kusan kashi 95, sabon kundin kuma ya sa iyakar shekara 70 wadda ta fitar da wasu tsofaffin 'yan adawa daga fili. A Gini wata hukuma ce da ke ƙarƙashin ma'aikatar mulkin cikin gida ta yi aikin.

Filin siyasar Gini ma an share shi tun kafin a busa usur. A Mayun 2022 aka haramta zanga-zanga. A Agusta aka rushe FNDC, ƙawancen da jininsa ya ba juyin halasci a idon jama'a. A Mayun 2024 aka rufe manyan gidajen rediyo da talabijin masu zaman kansu. Ranar 9 ga Yulin 2024 wasu masu ɗauke da makamai suka tafi da jagororin FNDC biyu, Oumar Sylla da ake kira Foniké Menguè da Mamadou Billo Bah, gwamnati ta ce ba sa hannunta. Foniké Menguè yana kurkukun Condé lokacin da aka yi juyin, sojojin nan ne suka buɗe masa ƙofa, aka ɗauke shi a kafaɗa ana guɗa. A Oktoban 2024 aka soke jam'iyyu 53, ana saura wata guda a yi ƙuri'ar kundi kuma aka dakatar da manyan jam'iyyun adawa, UFDG da RPG.

Me ya sa na Nijar suka sauka? Ba halin kirki kaɗai ba ne. Ƙasar na tsakiyar matsanancin ƙarancin abinci a 2010, kuma sojojin, saɓanin Tandja da ya musanta yunwar 2005, sun fito fili sun nemi agaji. Tarayyar Turai da Amurka sun riga sun dakatar da tallafi tun zamanin tazarce, ba kuma za su sake shi ba sai an ga jadawalin zaɓe. Jam'iyyu irin su PNDS da CDS da Moden Lumana da ƙungiyoyin ƙwadago suna da ƙarfinsu, ba su gaji ba. Salou Djibo kansa ƙaramin hafsa ne da ba kowa ya san shi ba, ba shi da jam'iyya. Ko a hakan ba a kwashe lafiya a cikin bariki ba: a Oktoban 2010 aka kama na biyunsa, Kanal Abdoulaye Badié, da wasu hafsoshi bisa zargin maƙarƙashiya. Doumbouya kuwa yana zaune ne a kan ma'adinin bauxite da ake yin goran ruwa da tukwanen dalma da shi, wanda Gini ke cikin manyan masu fitar da shi a duniya, ga dutsen ƙarfen Simandou. Wanda ke da wannan ba ya jin barazanar mai tallafi.

Masar ta nuna inda abin ke iya kaiwa idan babu birki ko ɗaya. An zaɓi Mohamed Morsi a Yunin 2012, a Nuwamba ya fitar da dokar da ta ɗora hukuncinsa sama da kotuna, miliyoyi suka fito, soja ya kifar da shi ranar 3 ga Yulin 2013. Ranar 14 ga Agusta aka kashe ɗaruruwan magoya bayansa a dandalin Rabi'a. A 2014 jagoran juyin, Abdel Fattah al-Sisi, ya tuɓe kaki ya ci zaɓe da kusan kashi 97, a 2019 aka gyara kundi don ya iya kaiwa 2030. A Zimbabuwe, waɗanda suka rungumi sojoji a titunan Harare a Nuwamban 2017 sun ga sojojin sun harbe mutum shida a titunan nan ranar 1 ga Agustan 2018, ana jiran sakamakon zaɓe.

Dokar da ke gani da ido ɗaya

A rubuce, Tarayyar Afirka ta hango duka ɓarnar biyu. Yarjejeniyarta ta dimokuraɗiyya da zaɓe ta 2007, wadda ta fara aiki a 2012, ta lissafa juyin soja a sashe na 23, ta kuma haɗa da gyaran kundin da zai toshe sauyin gwamnati. Sashe na 25 ya hana masu juyi tsayawa a zaɓen da za a yi don komawa kan doka. ECOWAS ma tana da ƙa'idar 2001 da ta hana yi wa dokar zaɓe babban sauyi ana saura wata shida a kaɗa ƙuri'a, sai da yardar akasarin 'yan siyasa.

A aikace kuwa, tanki a ƙofar gidan rediyo yana jawo dakatarwa cikin kwana biyu ko uku, amma ƙuri'ar tazarce sai dai sanarwar nuna damuwa. Nijar ta 2009 ita ce ta fita daban: ECOWAS ta dakatar da ita a Oktoba, ta naɗa Janar Abdulsalami Abubakar mai shiga tsakani, tun soja bai motsa ba. Condé bai ga irin wannan ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, masu yanke hukuncin su ne shugabannin, wasunsu kuma da irin kashin a gindinsu. A taron Accra na 2015 an kawo shawarar taƙaita wa'adi biyu ga duk yankin, Togo da Gambiya suka ƙi, aka ajiye ta. Hanin takara ma an daina riƙe shi da gaske. An mayar da Masar cikin Tarayyar a Yunin 2014, Sisi na kan kujera. Chadi ba a ma dakatar da ita ba a 2021 da soja ya ɗora Mahamat Déby a mulki, shi kuma ya tsaya a 2024. An ɗage wa Gabon dakatarwa ranar 30 ga Afrilun 2025, kwana 18 bayan zaɓen Oligui. Duk wani kanal mai lissafi ya karanta wannan: ka daure wa fushin shekara biyu, ka yi zaɓe, a shimfiɗa maka jar darduma.

Akwai wuraren da aka karya tazarce ba tare da an taɓa bariki ba. Ranar 16 ga Mayun 2006 majalisar dattawan Najeriya ƙarƙashin Ken Nnamani ta yi watsi da ƙudurin da zai ba Olusegun Obasanjo wa'adi na uku, bayan muhawarar da aka watsa kai tsaye, kowane sanata ya san mutanen mazaɓarsa na kallonsa. A Senegal, Macky Sall ya ɗage zaɓen 25 ga Fabrairun 2024, aka fitar da 'yan adawa daga zauren majalisa da ƙarfin jandarmomi aka kai shi Disamba, sai majalisar tsarin mulki ta soke ɗagewar ranar 15 ga Fabrairu. Aka yi zaɓe ranar 24 ga Maris, Bassirou Diomaye Faye, wanda ya fito daga kurkuku kwana goma kafin nan, ya ci da kashi 54. Ribar irin wannan ita ce hukumar da ta yi nasarar tana nan daram, ta kuma ƙara kwarjini ga shugaba na gaba. Sai dai a yi adalci: 'yan Nijar sun bi duk waɗannan hanyoyi a 2009. Kotu ta yi aikinta, aka kore ta. Majalisa ta ƙi, aka rushe ta. An yi yajin aiki, an yi zanga-zanga, an zauna teburin sulhu har ya cije. Wanda zai ce sojan Fabrairun 2010 bai kamata ya fito ba, dole ya faɗi ƙofar da ta rage a buɗe, kuma amsar ba ta da sauƙi.

Bashin da ke biyo baya

Ko juyin da ya cika alkawari yana barin bashi, sai dai ba a kawo takardar biya da wuri. Muritaniya ta gani. Ranar 3 ga Agustan 2005 Kanal Ely Ould Mohamed Vall ya kifar da Maaouya Ould Taya, ya hana kansa da mutanensa takara, ya miƙa wa zaɓaɓɓen shugaba Sidi Ould Cheikh Abdallahi mulki a 2007, duniya ta yaba. Da safiyar 6 ga Agustan 2008 shugaban ya sanar da korar manyan hafsoshi huɗu. Kafin rana ta yi tsaka ɗaya daga cikinsu, Mohamed Ould Abdel Aziz, shugaban dogaran fada kuma jigo a juyin 2005, ya sa an kama shi. Ya tsaya a 2009, ya yi shekara goma. An sauya kundi, an sauya shugaba, amma ba a taɓa rundunar da ta yi juyin ba, ita kuma tana ganin kujerar aro ta bayar. A Turkiyya, sojojin da suka kifar da Adnan Menderes a 1960 suka rataye shi a 1961 sun mayar da mulki, amma sun kafa wa kansu majalisar tsaro a cikin kundin, suka dawo a 1971 da 1980 da 1997.

A Nijar bashin a cikin kundin aka rubuta shi baƙi da fari. Sashe na 141 na kundin 1999 ya yi afuwa ga waɗanda suka yi juyin 27 ga Janairun 1996 da na 9 ga Afrilun 1999, wanda aka harbe Shugaba Ibrahim Baré Maïnassara a filin jirgin Yamai. Sashe na 136 ɗin nan da ya kulle wa'adi biyu, shi ne kuma ya kulle afuwar, a jimla ɗaya. Kundin 2010 ya maimaita: sashe na 47 ya iyakance wa'adi, sashe na 185 ya yafe wa masu juyin 18 ga Fabrairu, sashe na 175 ya haramta taɓa su duka biyun. Babu sojan da zai sauka ba tare da wannan tabbaci ba, gaskiya ne, farashin fita ke nan. Amma duk ƙaramin hafsan da ke makarantar soja ya ga abin da ya biyo baya: Salou Djibo ya shiga fada da ƙaramin muƙami ya fito da taurarin janar, babu wanda ya tsaya gaban alƙali, kuma akwai hafsoshi irin su Djibrilla Hima Hamidou da aka gani a majalisar soja ta 1999, aka sake ganinsu a ta 2010.

Farar hular da suka karɓa su ma ba su bar tsohon hali duka ba. A zaɓen 2016 ɗan adawa Hama Amadou daga gidan yarin Filingué ya yi takara, adawa ta ƙaurace wa zagaye na biyu, Issoufou ya samu kashi 92.5, adadin da ya yi daidai da na ƙuri'ar Tandja. A 2020 kotu ta hana Hama tsayawa. Issoufou dai ya mutunta wa'adi, ya sauka, abin da ba a taɓa gani ba a ƙasar. Ana saura kwana biyu a rantsar da Mohamed Bazoum, daren 31 ga Maris 2021, aka ji harbi kusa da fada, dogaran fada ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani suka murƙushe yunƙurin. Ranar 26 ga Yulin 2023 dogaran nan suka rufe ƙofa da Bazoum a ciki. Bai nemi tazarce ba, bai rushe kotu ba, bai ma cika rabin wa'adinsa na farko ba. Sanarwar ta ambaci taɓarɓarewar tsaro da rashin iya mulki, mutane kuma suka sake cika tituna. A Maris 2025 aka rantsar da Tiani a riƙon shekara biyar da za a iya tsawaitawa, aka rushe dukkan jam'iyyun siyasa. Kundin 25 ga Nuwamban 2010, da wa'adinsa biyu da afuwarsa da makullinsu, shekara goma sha biyu da wata takwas ya yi yana aiki.